Kafin a Tuɓe Rawani: Ƙuri'ar Yanke Ƙauna da Kafa Sabuwar Gwamnati a Majalisa

A tsarin mulkin da ake kira na firaminista, ko kuma tsarin majalisa, jama'a ba sa zaɓen shugaban gwamnati da hannunsu. Wakilai suke zaɓa, su kuma wakilan nan su fitar da wanda zai riƙe gwamnati daga cikinsu, kuma wannan mutum da ministocinsa suna kan kujera ne muddin majalisa ba ta juya musu baya ba. Saboda haka kowane kundin tsarin mulki mai wannan fasali yana da hanyar da ake auna ko goyon bayan yana nan ko ya gushe, kuma hanyar iri biyu ce. Akwai ƙuri'ar amincewa, wadda shugaban gwamnati da kansa yake nema, ya ce wa majalisa ta bayyana a fili ko har yanzu tana tare da shi. Akwai kuma ƙuri'ar yanke ƙauna, wadda wasu ke kira ƙuri'ar rashin amincewa, wadda 'yan majalisa suke gabatarwa don su nuna cewa sun janye hannunsu daga gwamnati. Kayar da gwamnati ta ɗayan hanyoyin nan ba shi ne mai wuya ba, domin lissafin kawuna ne kawai. Abin da ya daɗe yana wahalar da masu rubuta tsarin mulki shi ne tambayar da ke biyo baya, wato wane ne zai yi mulki washegari, kuma wa ke da ikon cewa wane ya rasa rinjaye ko wane ya same shi.

Yana da kyau tun farko a raba wannan da tsigewa, domin mai karatu a Najeriya ya fi sanin tsigewa, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Tun daga 1979, a duk lokacin mulkin farar hula, Najeriya take bin tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, inda shugaba ko gwamna yake karɓar wa'adinsa kai tsaye daga masu zaɓe, don haka majalisa ba ta iya sauke shi saboda kawai ta gaji da shi ko ta ƙi manufofinsa. Dole ne a tuhume shi da babban laifi, a kafa kwamitin bincike, sannan kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa su amince, kamar yadda aka bi aka tsige Alhaji Balarabe Musa daga kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a 1981. Ƙuri'ar yanke ƙauna kuwa ba ta buƙatar laifi ko shaida, hukunci ne na siyasa zalla. Ƙuri'un amincewa da ake yawan jin cewa reshen jam'iyya ko wata majalisar jiha ta kaɗa wa gwamna, ba su da wani nauyi a tsarin mulkin Najeriya na yanzu. Nuna biyayya ce, ba ta ƙara wa wa'adinsa kwana ɗaya.

Asalin al'adar daga Birtaniya yake, inda ba a rubuta ta a kundi guda ba, an dai gada ne cewa gwamnatin da majalisar wakilai ta yanke wa ƙauna ko dai ta yi murabus ko ta nemi a rushe majalisa a koma ga masu zaɓe. Rinjaye mafi ƙanƙanta ya wadatar. A ranar 28 ga Maris 1979 gwamnatin James Callaghan ta faɗi da ƙuri'a 311 a kan 310, aka yi zaɓe a watan Mayu, Margaret Thatcher ta hau. Wannan sauƙi yana aiki ne a ƙasar da manyan jam'iyyu biyu suke karɓa-karɓa, inda faɗuwar ɗaya take nufin hawan ɗayar. A majalisar da jam'iyyu suka yi yawa kuma suke gaba da juna, lamarin yakan zama saki reshe kama ganye.

Jamus ce ta ɗanɗana wannan fiye da kowa. A Jamhuriyar Weimar, wadda ta rayu daga 1919 zuwa 1933, tsarin mulki ya ce shugaban gwamnati ko kowane minista dole ya sauka idan majalisar Reichstag ta janye amincewarta, ba tare da an ɗora wa masu janyewar nauyin kawo madadi ba. An yi gwamnatoci wajen 20 cikin shekaru 14. A zaɓen Yuli 1932 jam'iyyar Nazi ta samu kujeru 230, 'yan kwaminis suka samu 89, a majalisa mai kujeru 608, wato su biyun sun haura rabi. Waɗannan ɓangarori biyu ba sa ga maciji da juna, ba za su taɓa zama gwamnati ɗaya ba, amma za su iya haɗa ƙuri'u su rushe duk wadda wani ya kafa, abin da masana suka kira rinjayen ƙi, wato rinjayen da ya san abin da ba ya so amma ba shi da abin da ya yarda a kai. A watan Satumba na wannan shekara majalisar ta yanke ƙauna ga gwamnatin Franz von Papen da ƙuri'a 512 a kan 42, a daidai lokacin da aka ajiye takardar rushe ta a kan teburin kakakinta. Gaskiyar tarihi ita ce, ƙalilan ne daga gwamnatocin Weimar suka faɗi ta hanyar ƙuri'a a zauren majalisa, mafi yawansu rikicin cikin gida na jam'iyyun haɗin gambiza ne ya ci su. Amma hoton 1932 ne ya zauna a zukatan waɗanda suka taru a Bonn a 1948 da 1949 don rubuta sabon tsarin mulkin Jamus ta Yamma, kuma shi suka yi wa magani.

Maganin yana cikin sashe na 67 na wannan tsarin mulki, kuma gajere ne. Majalisar Bundestag ba ta da hanyar yanke wa shugaban gwamnati ƙauna face ta zaɓi magajinsa, da ƙuri'un fiye da rabin dukkan 'yan majalisa, ba rabin waɗanda suka halarci zama kawai ba, kuma sai an bar tazarar sa'o'i 48 tsakanin gabatar da ƙudurin da kaɗa ƙuri'ar. Ana kiran wannan ƙuri'ar yanke ƙauna mai ɗauke da magaji, domin tuɓewa da naɗawa suna faruwa a ƙuri'a guda, kuma shugaban ƙasa ba shi da zaɓi face ya sallami tsohon ya naɗa sabon. Da wannan aka juya nauyin: ba gwamnati ba ce za ta riƙa tabbatar da cewa tana da rinjaye kullum, 'yan adawa ne za su nuna cewa sun yarda da mutum ɗaya, da sunansa. Sharaɗin rabin dukkan 'yan majalisa yana da tasirin da ba a cika lura da shi ba, domin duk wanda ya yi rowar ƙuri'arsa, ko ya kwanta rashin lafiya, ko ya zauna a gida, a aikace ya taimaki shugaba mai ci.

Sau biyu kacal aka gwada wannan sashe a tarihin ƙasar, kuma gwajin farko ya nuna yadda yake aiki dalla-dalla. A 1972 manufar shugaban gwamnati Willy Brandt ta sasantawa da Tarayyar Sobiyet da Poland ta sa wasu 'yan majalisar ɓangarensa suna sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya, har jagoran adawa Rainer Barzel ya lissafa ya ga yana da ƙuri'u 249 da ake buƙata. Ranar 27 ga Afrilu aka kaɗa ƙuri'ar a asirce. Mafi yawan 'yan jam'iyyar SPD ta Brandt ba su ma tashi daga kujerunsu ba, dabarar da ta sa duk ɗan jam'iyyar da ya nufi akwatin zai bayyana kansa, kuma zamansu bai rage wa Brandt komai ba tunda ƙuri'un "e" kaɗai ne ke da amfani. Da aka ƙirga, Barzel ya tashi da 247, ya rage biyu. Shekaru da yawa bayan haka, bayan haɗewar Jamus, ta tabbata cewa hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, Stasi, ta biya ɗan majalisa Julius Steiner mak 50,000 don ya hana Barzel ƙuri'arsa. Gwaji na biyu, na ranar 1 ga Oktoba 1982, ya yi nasara, domin a wannan karo jam'iyya ce sukutum, FDP, ta bar shugaban gwamnati Helmut Schmidt ta koma wajen Helmut Kohl, wanda ya samu ƙuri'u 256 ya zama shugaban gwamnati a ranar, ba tare da ƙasar ta kwana ko ɗaya babu jagora ba.

Sai dai nasarar Brandt ta 1972 ta tona wata ɓaraka. Ya tsira da kujerarsa, amma washegari majalisar ta kasa zartar da kasafin kuɗin ofishinsa, domin ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki. Sashe na 67 ya hana a kayar da shi, amma bai ba shi ƙuri'un da zai yi mulki da su ba. A nan ne sashe na 68 ya shigo. Idan shugaban gwamnati ya nemi ƙuri'ar amincewa ya kasa samun rabin 'yan majalisa, yana iya roƙon shugaban ƙasa ya rushe majalisar cikin kwanaki 21, a yi sabon zaɓe cikin kwanaki 60, kuma wannan dama tana faɗuwa da zarar majalisar ta zaɓi wani shugaban gwamnati. Da yake majalisar Jamus ba ta da ikon rushe kanta, kuma shugaban gwamnati ba ya iya kiran zaɓe yadda ya ga dama, wannan sashe ya zama ƙofar baya ta zuwa zaɓen gaggawa, har ya kai ga shugaba yana neman amincewa da niyyar a hana shi. Brandt ya yi haka a Satumba 1972. Kohl ya maimaita a ranar 17 ga Disamba 1982, watanni biyu da rabi bayan majalisar nan ta zaɓe shi, inda magoya bayansa suka yi rowar ƙuri'unsu, ya samu 8 kacal. Wasu 'yan majalisa sun kai ƙara kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe suna cewa wasan kwaikwayo ne, kotun ta bar rushewar ta tsaya, tare da sharaɗin cewa dole ne a sami yanayin rashin tabbas na gaskiya game da rinjayen gwamnati, amma ta bar wa shugaban gwamnati da shugaban ƙasa fili mai faɗi wajen auna wannan yanayi. Gerhard Schröder ya bi wannan hanya a 2005, zaɓen ya kawo Angela Merkel. Olaf Scholz ya bi ta ranar 16 ga Disamba 2024 bayan gwamnatinsa ta jam'iyyu uku ta wargaje, ya samu 207 a kan 394, aka yi zaɓe a ranar 23 ga Fabrairu 2025. Ana iya cewa da gaskiya wannan yi wa doka kwana ne, amma kwana ne da ake yi a bainar jama'a, da sa hannun hukumomi uku, kuma yana ƙarewa a hannun masu zaɓe.

Ƙuri'ar amincewa tana da wani amfani na daban, wato bulala ce a hannun shugaba a kan nasa mutanen. A Nuwamba 2001 Schröder ya ɗaura ta da ƙudurin tura sojojin Jamus yaƙin da ya biyo bayan harin 11 ga Satumba, don 'yan ɓangarensa masu adawa da yaƙi su san cewa ƙin ƙudurin daidai yake da kayar da gwamnatinsu, ya samu 336 inda yake buƙatar 334.

Kafa gwamnati bayan zaɓe shi ma an tsara shi mataki-mataki a sashe na 63. Shugaban ƙasa yana gabatar da suna, majalisa ta kaɗa ƙuri'a ba tare da muhawara ba. Idan bai samu rabin 'yan majalisa ba, majalisar tana da kwanaki 14 ta zaɓi wanda take so, idan nan ma ta kasa, a yi zagaye na ƙarshe inda wanda ya fi yawan ƙuri'u ya ci, kuma idan yawan bai kai rabi ba shugaban ƙasa yana da kwanaki 7 ya naɗa shi a matsayin shugaban gwamnatin marasa rinjaye ko ya rushe majalisa. A duk tsawon wannan lokaci tsohuwar gwamnati tana ci gaba da riƙon ƙwarya. Ba a taɓa wuce matakin farko ba sai ranar 6 ga Mayu 2025, lokacin da Friedrich Merz ya samu 310 a zagayen farko alhali yana buƙatar 316, duk da cewa jam'iyyun da suka sa hannu a yarjejeniyar haɗin gambiza sun fi wannan adadi, sannan ya samu 325 a zagaye na biyu a yinin. Darajar irin waɗannan wa'adi tana bayyana idan aka dubi Beljiyam, inda babu ranar da aka yanke wa masu tattaunawa, aka shafe kwanaki 541 bayan zaɓen 2010 kafin a kafa cikakkiyar gwamnati.

Sifaniya ta ari tsarin Jamus a kundinta na 1978, inda sashe na 113 ya ce ƙudurin yanke ƙauna sai da sa hannun kashi ɗaya cikin goma na wakilai da sunan ɗan takara a ciki. Karo na farko da ya yi nasara shi ne ranar 1 ga Yuni 2018, lokacin da Pedro Sánchez ya kayar da Firaminista Mariano Rajoy da ƙuri'a 180 a kan 169, bayan hukuncin kotu a wata shari'ar cin hanci da ta shafi jam'iyya mai mulki. Abin lura shi ne jam'iyyar Sánchez kujeru 84 kawai take da su cikin 350, sauran sun zaɓe shi ne don sun ƙi Rajoy, kuma da ya kawo kasafin kuɗi a Fabrairu 2019 wasunsu suka yi watsi da shi, dole ya kira zaɓe. Wato sharaɗin kawo magaji yana iya tilasta wa mutane su yarda da suna ɗaya na yini guda, amma ba ya tilasta musu yarda da manufa ɗaya.

Faransa ta ɗauki wata hanya a 1958. Ba ta nemi magaji ba, amma sashe na 49 ya ce ƙuri'un masu goyon bayan ƙudurin kaɗai ake ƙirgawa, kuma sai sun haura rabin majalisa, sannan sakin layi na uku na sashen ya ba firaminista damar zartar da doka ba tare da ƙuri'a ba, in dai majalisa ba ta kayar da shi a kanta ba. Bayan wata gwamnati da ta faɗi a 1962, aka yi shekaru 62 babu wadda ta sake faɗuwa ta wannan hanya, sai ranar 4 ga Disamba 2024, da masu ra'ayin gurguzu da jam'iyyar Marine Le Pen suka haɗa ƙuri'u 331 suka kayar da Firaminista Michel Barnier, watanni uku bayan naɗa shi. Rinjayen ƙi ne irin wanda Jamusawa suka yi wa katanga, kuma magajinsa François Bayrou shi ma ya faɗi a ƙuri'ar amincewa a Satumba 2025. Nijar, wadda ta yi koyi da fasalin Faransa a Jamhuriya ta Uku, ta ga ƙarshen wannan hanya tun da wuri: majalisa ta kayar da gwamnatin Souley Abdoulaye a Oktoba 1994, Shugaba Mahamane Ousmane ya rushe majalisar, 'yan adawa suka ci zaɓen Janairu 1995, suka kayar da Amadou Cissé da ya naɗa, dole ya karɓi Hama Amadou, aka shiga zaman doya da manja har zuwa juyin mulkin Ibrahim Baré Maïnassara na 27 ga Janairu 1996. A 2007 kuwa, da majalisa ta kayar da Hama Amadou, wanda ya sake zama firaminista, da ƙuri'u 62 cikin 113, sauyin ya tafi lami lafiya, Seyni Oumarou ya gaje shi cikin 'yan kwanaki, domin a lokacin Shugaba Tandja da masu rinjaye a majalisa ɓangare ɗaya suke.

Akwai tambaya ɗaya da duk waɗannan dokoki suka amsa a rubuce, wadda tsarin Birtaniya ya bar wa al'ada, wato a ina ake gane cewa rinjaye ya gushe, a zauren majalisa ko a wajensa. Najeriya ta Jamhuriya ta Farko ta biya farashin wannan giɓi. Tsarin mulkin Jihar Yamma ya ba gwamna ikon sauke firimiya idan ya bayyana gare shi cewa firimiyan ba shi da goyon bayan mafi yawan 'yan majalisa, amma bai faɗi yadda abin zai bayyana gare shi ba. A Mayu 1962, da rikici ya raba jam'iyyar Action Group tsakanin Obafemi Awolowo da Firimiya Samuel Ladoke Akintola, 'yan majalisa 66 cikin 124 suka sa hannu a wasiƙa cewa sun janye goyon bayansu, Gwamna Adesoji Aderemi, Ooni na Ife, ya sauke Akintola a kan wannan wasiƙa ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro, ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. Da majalisar ta zauna a Ibadan don tabbatar da sabon firimiya, zaman ya koma dambe, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta Sir Abubakar Tafawa Balewa ta kafa dokar ta-ɓaci ta tura Dakta Moses Majekodunmi ya riƙe jihar.

Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ba Akintola gaskiya, ta ce sai da ƙuri'a a zauren majalisa ake sauke firimiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Majalisar Sarauniya da ke Landan, wadda a lokacin ita ce ƙarshen shari'a ga Najeriya, ta soke wannan hukunci a 1963, ta ce kalmomin tsarin mulkin ba su taƙaita gwamna ga ƙuri'a kaɗai ba. Amma a lokacin Akintola ya riga ya koma kujerarsa tun Janairu, kuma majalisar Jihar Yamma ta gyara sashen ta rubuta ƙarara cewa ba a sauke firimiya sai da ƙudurin majalisa, ta kuma mayar da fara aikin gyaran baya zuwa Oktoba 1960, wanda ya sa hukuncin Landan ya rasa abin da zai yi aiki a kansa. A Oktoba 1963 Najeriya ta zama jamhuriya, aka daina kai ƙara Landan gaba ɗaya.